Kekunan Shanun 1938 Da Mutanen Da Aka Bari A Gefen Hanya

Ranar 8 ga watan Agusta na 1938, kekunan shanu biyu suka tashi daga gindin mutum-mutumin Jan van Riebeeck a birnin Cape Town, can ƙarshen kudancin Afirka, suka fuskanci arewa. A lokacin ƙasar tana da layin dogo, tana da motoci, har jiragen sama suna sauka suna tashi. Amma tafiyar da jirgin ƙasa kan gama cikin kwana biyu, masu waɗannan kekuna sun ƙudurta yin ta cikin wata huɗu, a takun bijimi. Nufinsu shi ne su kwaikwayi ƙaurar da kakanninsu suka yi shekara ɗari kafin nan, wadda suke kira Groot Trek a harshensu, wato Babbar Ƙaura.

Irin wannan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasashen da Turawa suka je suka zauna. A Amurka, a 1997, mabiya cocin Mormon sun sake bin hanyar da magabatansu suka bi a 1847 daga Nebraska zuwa kwarin Salt Lake, da kekunan dawaki da amalanken da ake ja da hannu. Sau da yawa abin yakan tsaya a shagali, a sa tufafin da, a kwana a daji, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida. Na Afirka ta Kudu bai tsaya nan ba. Shekara goma bayansa, 'yan siyasar da suka fi cin moriyarsa suka karɓi mulki, suka kafa tsarin wariyar launin fata da mu 'yan Afirka muka shafe fiye da shekara arba'in muna jin labarinsa a rediyo muna Allah wadai da shi. Shi ya sa ya kamata mu leƙa cikin kekunan nan mu ga abin da aka ɗora musu, mu kuma waiwaya mu ga abin da aka sauke aka bari a gefen hanya.

Ƙaurar asali

Mutanen da muke magana a kansu su ne Turawan da ake kira Afirkana, zuriyar mutanen Holan da Jamus da Faransa da suka fara zama a yankin Cape tun daga 1652, lokacin da kamfanin kasuwancin Holan ya aiko van Riebeeck ya kafa zangon jiragen ruwa. Ana kuma ce musu Boer, wato manomi. A hankali makiyayansu suka riƙa kutsawa gabas, suna ƙwace makiyayar mutanen Khoikhoi da San, har suka yi kiciɓis da mutanen Xhosa. A 1806 Ingila ta karɓe Cape.

Abubuwa da dama suka taru suka sa zama ya gagari mazauna iyakar gabas. Ƙasar kiwo ta yi ƙaranci. Yaƙi da Xhosa a 1834 da 1835 ya cinye gidaje da dukiya. Wata doka ta 1828 ta ba Khoikhoi da sauran 'yantattun da ba Turawa ba damar tafiya inda suke so ba tare da takardar izini ba, ta kuma daidaita su da Turawa a gaban shari'a. A 1834 Ingila ta haramta bauta, diyyar da aka yi wa masu bayi alkawari kuma ba ta kai abin da suka zata ba, sannan a Landan ake biyan ta. Ɗaya daga cikin madugan ƙaurar, Piet Retief, ya buga takardar koke a wata jaridar garin Grahamstown a watan Fabrairu na 1837. A ciki ya yi kukan asarar da 'yanta bayi ta jawo musu, ya ce inda za su ba za su bautar da kowa ba, amma za su tsare matsayin da ya kamata tsakanin ubangida da bara.

Tsakanin 1835 da 1845 kimanin mutum 15,000 suka fita, tare da dubban barori da tsofaffin bayi. Ba ayari ɗaya ba ne. Ƙungiyoyi ne na dangi da maƙwabta, kowace da madugunta, kuma madugan ba sa ga maciji da juna. Ayarin Hans van Rensburg an hallaka kusan dukkan mutanensa a 1836 a can wajen kogin Limpopo. Na Louis Tregardt ya sha fama da ƙudan tsando ya isa gaɓar teku, inda Maputo take a yau, a 1838, zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu har da shi kansa. Hendrik Potgieter da Gerrit Maritz sun yi ta jayayya kan shugabanci da kan inda za a nufa. Majalisar cocinsu da ke Cape ta nuna rashin amincewa da ƙaurar a 1837, kuma babu fasto ko ɗaya na wannan coci da ya bi su. Mafi yawan Afirkana ma ba su tashi ba, suna nan a gonakinsu ƙarƙashin tutar Ingila.

Ƙasar da suka shiga kuwa ba kango ba ce. A Oktoban 1836 mayaƙan Ndebele na sarki Mzilikazi suka auka wa ayarin Potgieter a Vegkop. Bindiga da ganuwar da aka yi da kekuna sun ceci rayuka, amma an kore musu dabbobi duka, aka bar su a fili da kekunan da babu abin da zai ja su. Sarkin Barolong na Thaba Nchu, Moroka, shi ya aika musu da shanu aka jawo su zuwa garinsa, ya ba su masauki da abinci. Da suka tashi ramuwa a kan Mzilikazi a farkon 1837, mayaƙan Barolong da Griqua suna cikin rundunar.

A yankin Natal, Retief ya nemi ƙasa a wajen Dingane, sarkin Zulu. Ranar 6 ga Fabrairu, 1838, Dingane ya sa aka kashe shi da mutanensa kimanin ɗari a kusa da fadarsa ta uMgungundlovu. Bayan kwana goma mayaƙan Zulu suka far wa zangonnin masu ƙaura a Bloukrans, suka kashe fiye da mutum 500, da yawansu mata da yara, fiye da 200 kuma barori ne baƙar fata. A Disamba, Andries Pretorius ya jagoranci mutum kimanin 470 da kekuna 64. Kafin su gwabza sai suka yi bakance cewa idan Allah ya ba su nasara za su gina coci, su kuma riƙa tsarkake ranar. Ranar 16 ga Disamba, a bakin kogin Ncome, masu mashi suka fuskanci bindigogi da igwa daga bayan da'irar kekuna. An ƙiyasta Zulu 3,000 suka mutu, a ɓangaren Pretorius kuwa mutum uku suka ji rauni. Daga nan Turawa suka sa wa kogin suna Kogin Jini. Duk da haka ba wannan yaƙi ne ya kawar da Dingane ba. Rundunar ɗan'uwansa Mpande ce ta murƙushe shi a Janairun 1840. A 1843 kuma Ingilar da suka gudo dominta ta zo ta karɓe Natal.

Jikokin da suka talauce

Kafin mu fahimci abin da ya faru a 1938, dole mu san halin da jikokin masu ƙaurar suke ciki. Jamhuriyoyi biyun da kakanninsu suka kafa, Transvaal da Orange Free State, Ingila ta ci su da yaƙi tsakanin 1899 da 1902. Sojojinta sun ƙona gonaki, sun tara iyalai a sansanoni, inda mata da yaran Boer fiye da 26,000 suka mutu saboda cuta da yunwa. Dubban baƙar fata ma sun mutu a nasu sansanonin, ko da yake an daɗe ba a ambatar su. Bayan yaƙi sai fari, sai bashi, sai karyewar tattalin arzikin duniya a farkon shekarun 1930. Rahoton hukumar Carnegie na 1932 ya ƙiyasta cewa farar fata kimanin 300,000 suna cikin matsanancin talauci, mafi yawansu Afirkana.

Waɗannan mutane sun bar karkara sun kwararo birane, suka cika unguwannin talakawa irin su Vrededorp da Fordsburg a Johannesburg. Suka zama lebura a reluwe, masu haƙar ma'adinai, 'yan mata kuma a masana'antun ɗinki. Bankuna da ma'adinai da manyan kantuna duk suna hannun masu jin Ingilishi, harshensu na Afirkans kuma ana yi masa kallon yaren ƙauye. Siyasarsu ma a rabe take. A 1934 Firaminista J.B.M. Hertzog ya haɗe jam'iyyarsa da ta Jan Smuts, sai D.F. Malan, tsohon fasto, ya ɓalle da masu tsattsauran ra'ayi. A zaɓen watan Mayu na 1938 jam'iyyar Malan kujera 27 kawai ta samu, ta gwamnati kuwa 111.

Ciwon da ke zukatansu na gaskiya ne. Yadda za a yi amfani da shi kuwa akwai waɗanda suka daɗe suna shiri a kai. Marubuci Gustav Preller ya shafe shekaru yana tattara labaran masu ƙaura yana sake tsara su domin talakan mai karatu. Shi ya rubuta tarihin Retief, shi ya kuma rubuta labarin fim ɗin De Voortrekkers na 1916, wanda aka riƙa nunawa duk shekara a watan Disamba. Su masu ƙaurar asali 'yan hijira suke kiran kansu. Sunan Voortrekker, wato masu share fage, sai daga baya ya bazu. Shi kansa bakancen, masanin tarihi Leonard Thompson ya nuna a littafinsa na 1985 cewa an yi shekaru masu yawa yawancin mutane ba sa kiyaye shi, sai da rikici da Ingila ya taso wajen 1880 aka farfaɗo da shi.

Wata huɗu a kan hanya

Ƙungiyar da ta shirya tafiyar 1938 ita ce ATKV, ƙungiyar raya harshe da al'ada da ma'aikatan reluwe 'yan Afirkana suka kafa a 1930. Shugabanta Henning Klopper shi ne madugu. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Broederbond a 1918, ƙungiyar da ta koma ta asiri, wadda ta sa wa gaba ganin Afirkana sun riƙe ragamar ƙasar. Kekuna biyun farko an sa musu sunan Piet Retief da Andries Pretorius. Da garuruwa suka fara rububin a biyo ta wajensu, sai aka ƙara wasu har suka kai tara, kowane ya kama hanyarsa. Wasu an ba su sunayen madugai, wasu sunayen 'yan matan da suka tsira da raunukan mashi a Bloukrans, ɗaya kuma aka sadaukar da shi ga mata da uwaye.

Abin da ya biyo baya ya wuce tsammanin masu shirin. Maza suka bar gemu tun watanni kafin kekunan su iso. Mata suka ɗinka dogayen riguna da farar hula mai faɗin baki irin ta kakanninsu. A ɗaruruwan garuruwa mahaya dawaki suka riƙa fita tarye, a wasu wurare mutane su kwance shanun su ja keken da hannunsu. An ɗaura aure a gefen kekunan, an yi wa jarirai baftisma a inuwarsu, har aka raɗa wa wasu 'yan mata sunaye irin su Eeufesia, daga kalmar bikin cika shekara ɗari, da Ossewania, daga kalmar keken shanu. Mutane sukan shafo baƙin man ƙafar keken a hankici su adana. Ana zuba ɗanyen siminti a ja keken ta kai domin sawunsa ya tabbata, kuma har yau akwai irin wannan sawu a garuruwa da dama. Manyan tituna aka canja musu suna zuwa Voortrekker. Da dare a hura wuta, a yi wa'azi, a ajiye furanni a kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe da sansanoni. Kusa da ƙarshe, yaran ƙungiyar matasa ta Voortrekkers suka ɗauko sandar wuta daga Cape Town da gudu, wannan ya miƙa wa wancan, har Pretoria.

Ranar 16 ga Disamba, 1938, fiye da mutum 100,000 suka taru a kan wani tudu a kudancin Pretoria domin aza harsashin ginin tunawa da masu ƙaura. Firaminista Hertzog bai halarta ba. An yi ta rigima kan ko za a rera taken Sarkin Ingila a wurin, kamar yadda ƙa'ida ta tanada idan wakilin sarki ya zo, masu shiri kuma suka ƙi. A ƙarshe mata uku daga zuriyar Retief da Pretorius da Potgieter suka aza tubalin. A cikin wannan wata aka canja wa babban barikin soja na Roberts Heights suna, wanda yake ɗauke da sunan kwamandan Ingila a yaƙin Boer, ya koma Voortrekkerhoogte.

A ranar dai, a bakin kogin Ncome inda wasu kekunan suka yada zango, Malan ya yi jawabin da ya fassara wa jama'a ma'anar duk abin da suka yi wata huɗu suna yi. Ya ce musu an shiga sabuwar ƙaura, daga karkara zuwa birni, kuma sabon Kogin Jini yana cikin birni, a kasuwar neman aiki, inda talakan Afirkana yake fuskantar baƙar fata ba bindiga a hannunsa ba kuma ganuwar kekuna a bayansa. Da wannan magana ya ɗauki talaucin da yaƙin Ingila da fari da bashi suka jawo, ya rataya shi a wuyan leburan baƙar fata wanda ya fi kowa talauci a ƙasar.

Marubuci Alan Paton, mai littafin Cry, the Beloved Country, yana cikin taron Pretoria. Shi mai jin Ingilishi ne da ya koyi Afirkans yana kuma ƙaunar masu shi. Ya bar gemu, ya hau keken shanu ya je da zuciya ɗaya. Daga baya ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ƙiyayyar da ya gani da yadda aka nuna masa shi bare ne sun sa ya dawo gida da sanyin jiki, kuma daga ranar ya yanke ƙauna daga irin wannan kishin ƙasa. Idan farar fata mai son shiga ya ji haka, mu ƙaddara abin da sauran mutanen ƙasar suka gani daga bakin titi.

Abin da aka gyara, da wanda aka bari

Idan muka ɗora taswirar 1938 a kan ta 1838 za mu ga ba su dace ba. Masu ƙaurar asali daga gundumomin iyakar gabas suka tashi, wajen Graaff-Reinet da Uitenhage da Grahamstown, ɗaruruwan kilomita daga Cape Town. Tashi daga gindin van Riebeeck ya ɗinke 1652 da 1838 da 1938 a zare ɗaya, ya kuma shigar da Afirkanan yammacin Cape, waɗanda kakanninsu ba su je ko'ina ba, cikin gadon ƙaurar. Malan kansa haifaffen wannan yanki ne. Madugan da suka rayu suna zargin juna sun zama sunayen kekunan da suka nufi alƙibla ɗaya. Cocin da ya ƙi albarkatar ƙaurar farko, fastocinsa ne a gaba wajen addu'a a ta biyu.

Babban gyaran shi ne na mutanen da aka sauke. A ƙaurar asali, yaron da ke riƙe da igiya a gaban shanu, da mai kora garke, da mai ɗebo ruwa da itace, da mai goyon yara, galibinsu Khoikhoi ne ko tsofaffin bayi ko wasu baƙar fata. Sun ci ƙurar da iyayen gidansu suka ci, sun mutu tare da Retief, sun mutu a Bloukrans, suna cikin da'irar kekuna a Ncome. A bikin 1938 jikokinsu ba su da matsayin magada. Baƙar fata a labarin da aka bayar shi ne mai mashin da ke wajen ganuwa.

Akwai kuma wata ƙaurar da ba wanda ya kwaikwaya. Dokar ƙasa ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, ta kuma hana su saye ko hayar gona a wajen wannan yanki. Sol Plaatje, ɗan Barolong kuma babban sakataren farko na ƙungiyar da ta zama ANC, ya zaga Free State a kan keke a cikin sanyin wannan shekara. A littafinsa Native Life in South Africa na 1916 ya ba da labarin iyalan da aka kora daga gonaki suna gararamba a kan hanya, dabbobinsu suna mutuwa, har da iyalin da suka binne jaririnsu a ɓoye cikin dare saboda ba su da taƙin ƙasar da doka ta yarda su haƙa kabari. Wannan ya faru ne a yankin da Moroka ya aika wa Potgieter shanu, ƙasar Thaba Nchu kuwa Free State ta riga ta haɗiye ta tun 1884. A 1930 Plaatje ya fitar da ƙagaggen labarinsa Mhudi, wanda ya kalli zamanin ƙaurar ta idon Barolong. Ashe tun shekara takwas kafin kekunan su tashi akwai wani labarin a rubuce. A 1936 kuma, shekara biyu kafin bikin, aka cire baƙar fatar Cape daga rajistar zaɓe ta bai ɗaya.

Daga keke zuwa kujera

Zafin bikin bai huce ba. A watan Fabrairu na 1939 aka kafa Ossewabrandwag a Bloemfontein, sunan da ke nufin masu gadin keken shanu, domin a raya ruhin tafiyar. Da majalisa ta kaɗa ƙuri'a 80 da 67 a Satumban wannan shekara cewa a shiga yaƙin duniya a ɓangaren Ingila, sai ƙungiyar ta rikiɗe ta karkata ga Jamus ta Hitila, wani reshenta ya shiga fasa layukan wuta da na waya. Ɗaya daga cikin jagororinta, John Vorster, an tsare shi a sansanin Koffiefontein a 1942. Shi ne ya zama firaminista a 1966. A Oktoban 1939 aka yi babban taron tattalin arziki na Afirkana, aka fito da shirin tara kuɗin talakawa domin kafa kamfanoni da ƙarfafa bankuna da inshorar da suke nasu.

Ba za mu ce kekunan shanu kaɗai suka kawo sakamakon zaɓen 26 ga Mayu, 1948 ba. Akwai tsadar rayuwa bayan yaƙi, da kukan manoma kan ƙarancin lebura, da tsoron kwararar baƙar fata zuwa birane, da tsarin mazaɓu da ya fifita karkara har Malan da abokan ƙawancensa suka sami kujera 79 alhali ƙuri'unsu ba su kai na ɓangaren Smuts ba. Amma 1938 ce ta koya wa ma'aikacin reluwe da malamin makaranta da attajirin manomi su ji su abu ɗaya ne, ta kuma ba su hoton da za su riƙa ganin kansu a ciki, na 'yan tsiraru a cikin da'ira, kewaye da abokan gaba, da alkawarin Allah a hannunsu. Dokokin da suka biyo baya, ta hana auratayya a 1949, ta rajistar launin fata da ta raba unguwanni a 1950, ta ilimin baƙar fata a 1953, duk ganuwa ce aka riƙa ginawa da takarda. An ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi aka tasa daga gidajensu da ƙarfi tsakanin 1960 da 1983. Madugu Klopper kuwa ya zama kakakin majalisar dokoki daga 1961 zuwa 1974.

Ranar 16 ga Disamba, 1949, Firaminista Malan ya buɗe ginin tunawar a gaban kimanin mutum 250,000. Gerard Moerdijk ne ya zana shi, tsayinsa mita 40, kewaye da katanga mai siffar kekuna 64. An yi wa rufinsa huda yadda duk ranar 16 ga Disamba da tsakar rana hasken rana zai sauka daidai kan wani dutse mai siffar kabari da ke ƙasa. A cikin wannan mako, a Bloemfontein, taron ANC ya amince da shirin yajin aiki da ƙaurace wa hukuma da bijire wa doka wanda matasa irin su Nelson Mandela da Walter Sisulu da Oliver Tambo suka matsa a kai. Shugaban da suka zaɓa likita ne daga Thaba Nchu, Dokta James Moroka, daga zuriyar sarkin nan mai shanu.

Rana ɗaya, gaɓa biyu

Baƙar fata ba su taɓa sakar wa Afirkana ranar 16 ga Disamba ba. A wannan rana a 1930 aka yi gangamin ƙona takardun izinin tafiya a Durban, inda 'yan sanda suka yi sanadin mutuwar jagoran gangamin, Johannes Nkosi. A wannan rana a 1961 reshen ANC mai ɗauke da makami, Umkhonto we Sizwe, ya fara kai hare-harensa. Da aka zo cika shekara 150 a 1988, sai kwaikwayon ya kasu biyu, ɗaya na masu goyon bayan gwamnatin P.W. Botha, ɗaya na masu ganin gwamnatin ta sayar da su, ƙarƙashin Carel Boshoff, wanda daga baya ya kafa garin Orania na farar fata zalla. Keken da ya haɗa su a 1938 ya zama abin da suke jayayya a kan wane ne mai shi.

Gwamnatin Mandela ba ta soke hutun ba, ba ta kuma rushe ginin ba. Daga 1995 aka mai da ranar ta zama Ranar Sulhu. A 1998 aka mai da Voortrekkerhoogte Thaba Tshwane, daga baya kuma aka buɗe gidan tarihin Ncome a ɗaya gaɓar kogin, wanda ke ba da labarin yaƙin daga ɓangaren Zulu, yana fuskantar kekunan tagulla 64 da aka kafa a wancan ƙetare tun zamanin wariya. A 2014 aka buɗe gadar ƙafa tsakanin wuraren biyu. Duk shekara ana taruwa a gaɓar nan, ana taruwa a waccan.

Ba laifi ba ne mutane su tuna wahalar kakanninsu, kuma wanda ya yi tafiyar wata huɗu a bayan shanu ya san wani abu game da ita wanda littafi ba zai ba shi ba. Haɗarin yana nan ne, domin abin da mutum ya taka da ƙafarsa, ya yi kuka a kansa, ya raɗa wa 'yarsa sunansa, ba ya yarda a ce masa an yi masa gyara. Saboda haka duk inda muka ga an fito da tufafin da ana sake bin hanyar magabata, a Pretoria ne ko a Utah ko a wani wuri, akwai tambayoyin da ya kamata mu riƙe. Daga ina aka tashi a karon farko, daga ina aka tashi yanzu? Wa ya shirya, wa ya yi jawabin rufewa? Su wa ke zaune a ƙasar da aka isa? Sannan mu ƙidaya waɗanda suka yi tafiyar asali, har da yaron da ke riƙe da igiyar shanu, mu ga ko an kira jikokinsa.